Rasuwar Gwaggo a Shingen Rafin Kanya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da har yanzu bai rabu da warin ƙonanniyar roba ba, Awaisu ɗan Malam Ɗanasabe na Rafin Kanya, ƙasar Kafur, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka yi dariya tun farko, rasuwar kwamfutarsa, laftof 'yar kwatano, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta rasu ranar Alhamis bayan azahar, a shingen 'yan sintiri da ke bakin gari, a cikin zane, a cikin leda, a cikin buhun taki. Ta rasu tana tsakiyar aiki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba a san shekarun marigayiya ba. Ta yi wa wasu bauta a wata ƙasa kafin ta iso Funtua cikin kwali, ta sauka a shagon Ayinde mai gyaran kwamfuta. Ta zo da tabon wata takarda da aka ɓanɓare a bayanta, da gurbi inda harafin E ya taɓa zama, da murfi mai lilo wanda salatif ke riƙe da shi. A can Awaisu ya same ta shekarar da ya gama sakandare, bayan ya sayar da waken suyar da ya noma a gefen gonar babansa. Ranar da ya shigo da ita gida ya danna ta a tsakar gida, ta ce tiit, ta yi shiru, ta ce ƙirit-ƙirit, ta ja dogon numfashi, fuuuu. Mahaifiyarsa, Inna Hajjo, ta ɗago daga tankaɗe ta ce, "Wannan ai gwaggonka ce. Sai ta yi nishi kafin ta miƙe." Sunan ya zauna.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ba ta taɓa ganin wutar gwamnati a Rafin Kanya ba, ba ta kuma taɓa yin ƙorafi ba. A Malumfashi take cin abinci, a shagon cajin Uzoma, tsakanin wayoyi da fitilu, sannan a goyo ta a dawo. Batirinta gajere ne kamar ran tsoho. Ta san haka, shi ya sa ba ta ɓata shi a kallon fim.

Ya zama dole a yi bayanin halinta ɗaya, domin shi ne abin alfaharinta, shi ne kuma ajalinta.

Yaren da Awaisu ya koya don yi mata magana sunansa Python. Yare ne mai sauƙin kai. Ba sai ka faɗa tun farko cewa wannan lamba ce, wancan suna ne ba. Ka jefa kawai, a gane a hanya. Amma sauƙin da mai rubutu ya samu, wani ne ke ɗaukar nauyinsa, kuma Gwaggo ce. Python ɗin da kowa ya sani tafiyar jaki yake yi, ba gudu ba tsayawa, kuma aikin da ke gaban Awaisu, in jaki ne zai kai shi, sai an gama kaka an shiga rani. Don haka Ayinde ya zuba masa wani irin Python daban, wanda aka ɗora a kan wata manhaja mai suna Java, ya ce masa, "Wannan da farko sai ka ji kamar ka jefa ta rijiya. Amma in ta yi zafi, ka riƙe hularka."

Duk wanda ya taɓa shigowa Rafin Kanya a kan babur ya san yadda abin yake. Baƙo ya iso shinge, sai a tsayar da shi. Daga ina? Ɗan wa? Me ke cikin buhu? Gobe ya dawo, a sake. In ya yi ta wucewa har aka san fuskarsa, sai a ɗaga masa gorar shingen tun daga nesa, ko birki ba ya takawa. Haka Gwaggo take. In an tashe ta, duk lambar da ta zo sai ta tsayar da ita ta tambaye ta ko ita wace ce. Tana tambaya tana lura. In ta ga fuskokin nan dai su ne ke ta dawowa, sai ta daina tambaya, ta yanke musu gajeriyar hanya, kukanta ya sauya daga ƙirit-ƙirit ya koma ssssss, aikin da take ja kamar mai ciwon ƙafa ta riƙa haɗiye shi. Sai dai abu biyu. In baƙuwar fuska ta ɓullo, ta tsorata, ta rushe gajeriyar hanyar ta koma tambaya. In kuma aka kashe ta, ko na ƙiftawar ido, ta manta kowa. Gobe sabuwar duniya.

Awaisu bai taɓa ganin laifinta ba. Shi ma sai ya daɗe da mutum kafin ya buɗe baki.

Aikin da ta sa gaba a ƙarshen rayuwarta na jama'a ne. Injin casar masara ɗaya ne a duk yankin, na Alhaji Maharazu. Kowace kaka injin yana bin wanda ya fi zuwa gaisuwa. Yau yana gabas da rafi, gobe yamma, jibi ya sake tsallakawa gabas ya wuce gonar da ya kwana kusa da ita shekaranjiya. Man gas na ƙonewa a hanya, masara na jibge a ƙarƙashin tamfal, gara na ci ta ƙasa, ruwan ƙarshe na leƙe ta sama. Awaisu ya bi gonakin da ƙafa, ya sa wa kowace alama a wayarsa, ya tambayi kowa girman gonarsa da lokacin da masararsa za ta bushe. Ya rubuta wa Gwaggo abin da za ta yi: ta jera gonakin, ta rushe, ta sake jerawa, ta yi ta yi har ta samo hanyar da injin zai bi ba tare da ya taka sawunsa sau biyu ba.

Malam Ɗanasabe bai hana ba. Bai kuma yaba ba. Tun shuka ya faɗi maganarsa sau ɗaya, a bakin rumbu: "Zuwa kaka. In Alhaji ya karɓi aikinka, ka zauna da akwatinka. In bai karɓa ba, yana neman mai zuba masara a bakin inji." Malam ba ya maimaita magana.

An fara ganin alamun rashin lafiya ranar da aka kai ta gaban manya. A gindin durumin ƙofar gidan Alhaji ne, an shimfiɗa tabarmi, an kawo shayi. Awaisu ya ɗora ta a kan turmi ya danna. Tiit. Ƙirit-ƙirit. Fuuuu. Manya suka zuba ido. Gwaggo ta shiga tambayar lambobi ɗaya bayan ɗaya, a sanyaye, kamar ba ta taɓa ganinsu ba, alhali jiya ta kwana da su. Shayi ya ƙare. Wani ya tashi ya duba akuyarsa ya dawo.

"Ɗan Malam," in ji Alhaji, "alwala take yi?"

"Tana zuwa, Alhaji."

"To, Allah ya kawo ta lafiya."

Ta zo. Kukanta ya fara laushi, ssssss, gonaki suka fara jeruwa a fuskarta, har Malam Ɗanasabe ya ɗan karkato. A nan ne wani dattijo ya tuna cewa gonarsa ba eka biyu ba ce, biyu da rabi ce, in an haɗa da wajen tsamiya. Awaisu ya gyara. Duk gonakin da Gwaggo ta sani cikakkun eka ne. Rabin nan baƙuwar fuska ce. Ta firgita, ta watsar da duk abin da ta haddace, ta koma ƙirit-ƙirit. Kafin ta sake sanin kowa, batiri ya ƙare. Fuskarta ta yi baƙi, Awaisu ya ga tasa a ciki.

Alhaji Maharazu mutum ne mai adalci, a faɗi gaskiya. Bai kore shi ba. Ya ce, "Alhamis bayan azahar. Amma kar ka zo mini da takarda, ɗan Malam. Takarda ba ta san wane zai fasa da safe ba. A gabana nake so. In na ce wane ya fasa, ta sake jera su kafin shayina ya huce. In ta iya, injin zai bi ta."

Tunanin Awaisu daidai ne, har yau bai ga kuskuren lissafinsa ba. In aka tashe ta a sanyaye a gindin durumi, batirin zai ƙare a wajen tambaya. Sai dai a tashe ta a Malumfashi, a kan wutar Uzoma, ta yi tambayarta ta ƙoshi, ta yi zafi, sannan a ɗauko ta a kunne, a sauke ta gaban Alhaji tana gudu.

Ranar Alhamis da hantsi ya zaunar da ita a shagon. Ya nuna mata kowace irin fuska: cikakkiyar eka, rabi, kwata, gonar da aka fasa, gonar da aka dawo da ita. Ta firgita, ta saba. Ta sake firgita, ta sake sabawa. Can sai ta tashi. Bai taɓa ganin ta haka ba. Ya cire gona, kafin ya ɗage yatsa ta jera sauran. Ya mayar, ta sake. Ssssss, sumul, kamar ruwa a kan kwano. Uzoma ya bar wayoyinsa ya leƙo ya ce, "Injiniya, yau tsohuwa me ta sha?" Awaisu kuwa yana kallon hanyar injin casar a fuskarta, daga gonar farko har ta ƙarshe, rafi sau ɗaya kawai aka tsallaka. Bai kwafa ba. Alhaji ya ce ba ya son takarda. Kuma me zai kwafa, ga mai abin nan a raye?

Ya hana ta barci, yadda ko an rufe murfin za ta ci gaba da aiki. Ya rufe. Ya naɗe ta a zanen da Inna Hajjo ta ba shi da safe saboda gargadar hanya, zanen da take naɗe kwanon tuwo in za a kai gona. Ya ga hadari ya taso ta gabas, ya ƙara leda. Ya tuna idon mutane, ya zura cikin buhun taki ya ɗaure baki. Ya san inda take shaƙar iska. A ƙasanta ne, ta hagu, ya sha share wurin da tsinken tsintsiya. Ya sani. Ya ce hanyar ba nisa.

Zaharaddeen ɗan acaba ne ya ɗauko su, ita a tsakiya. Hadarin ya watse tun kafin su bar kwalta, rana ta fito da ƙarfinta. Da suka sauka hanyar ƙasa Zaharaddeen ya juyo ya ce, "Kai Awaisu, bayana na ɗumi. Tuwo ka ɗauko, ko gawayi?"

"Ja mu je."

A shinge suka tarar da layi. 'Yan sintirin da suka san Awaisu tun yana rarrafe sun tafi karyar masararsu, an kawo wasu daga ƙauyen gaba su riƙe musu. Sababbin ba su san kowa ba. Kowane babur sai an tsayar, kowane buhu sai an kwance. Daga ina? Ɗan wa? Awaisu na zaune a rana, ƙauyensu na gabansa, yana hango kan durumin. Daga cikin buhu ya ji ta. Wiiiiii. Ba ssssss ba. Irin kukan da take yi in abu ya fi ƙarfinta, amma ya fi tsini, kuma ba ya sauka. Hannunsa ya kai bakin buhun ya tsaya. Buhu mai kuka, mai zafi, mai waya a ciki, a gaban mutanen da ba su san shi ba, masu bindigar toka a kafaɗa. Ya ce bari layi ya zo kansa, ya yi bayani a tsanake.

Wiiiiii. Wiii. Tak.

Ya ɗauka ta samu sauƙi.

Da layin ya iso aka ce ya kwance. Ya kwance buhu, ya yage leda, ya warware zane. Warin ne ya fara fitowa. Ɗan sintirin ya ja da baya, ya dubi abin, ya dubi Awaisu, ya ce, "Ɗan wa?" Zaharaddeen ne ya amsa masa. Mutumin ya ɗaga gora ya ce, "Allah ya ba da haƙuri. Wuce."

Awaisu bai juya gida ba. An ce Alhamis, ya je. Tabarmi a shimfiɗe, shayi a kan wuta, manya sun fi na farko yawa, Malam Ɗanasabe a gefe da carbinsa. Ya ɗora ta a kan turmi ya buɗe. Ya danna. Ba tiit. Ya sake dannawa, ya daɗe bai ɗage yatsa ba.

"Yau ko alwalar ma babu?" in ji Alhaji. Wasu suka fara dariya. Sai Alhaji ya dubi fuskar yaron, ya ajiye kofinsa. "Allah ya mayar da alheri, ɗan Malam."

Sai da suka iso ƙofar gida Malam Ɗanasabe ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Takalman robar yayanka na bayan ƙofa. Asabar za a ta da injin."

Washegari aka kai ta Funtua. Ayinde ya kwance ta, ya sunsuna, ya nuna wani wuri a babban allon cikinta da ya yi baƙi ya kumbura. Ya ce lafiyayya in zafi ya yi mata yawa takan kashe kanta ta huta, amma abin da ke gaya wa Gwaggo ta tsaya ya daɗe da lalacewa, tun kafin ta tsallako teku. "Ita ba ta san tsayawa ba, Malam Awaisu. Ka ce ta yi, ta yi ta yi." Ya zaro faifan ajiyarta ya miƙa masa. "Wannan da ransa. Abin da ka rubuta na ciki." Awaisu ya tambayi hanyar da ta jera, da fuskokin da ta haddace. Ayinde ya girgiza kai. "Wannan ba a faifai yake zama ba. A kanta yake, muddin tana kunne. Ya bi ta." Awaisu ya tambayi ko akwai wata irinta. Ayinde ya faɗi kuɗinta. Awaisu ya yi godiya ya fito. Waken suyar bana na Baba ne.

Marigayiya ta rasu ta bar caja ɗaya, mai ɗaurin salatif a wuya, wadda ba ta shiga bakin kowa sai nata. Ta bar faifan da aka ambata, cike da magana, ba mai karanta masa. Ta bar zanen Inna Hajjo da tabon ƙuna mai kusurwa huɗu a tsakiya. Inna ta wanke shi, tabon bai fita ba, ta ce ba komai, tuwo bai san tabo ba, ta ci gaba da naɗe kwano da shi. Ta bar harafin E, wanda aka tsinta a cikinta ranar da aka kwance ta. Ashe duk shekarun nan yana ciki. Ta bar gonakin Rafin Kanya yadda ta same su. Ta bar Awaisu, wanda ya ga hanyar sau ɗaya da idonsa, kuma yanzu in ya rufe ido gonaki uku na farko kawai yake tunawa, na huɗun ko na gabas ne ko na yamma, ya rasa.

Ana godiya ga Uzoma, wanda ya ciyar da ita har ranar ƙarshe. Ana godiya ga Zaharaddeen, wanda ya goya ta da zafinta, kuma ana roƙonsa ya daina ba da labarin a tasha. Ba a riƙe 'yan sintiri da komai ba. Ba su san Awaisu ba, tambaya ce aikinsu. Da marigayiya na raye, da ta fahimce su. Duk wanda Gwaggo ta ɓata wa lokaci a gindin durumi, a yafe mata. Ba ƙiwuya ba ce.

Game da jana'iza: ba za a yi wanka ba, ruwa bai taɓa yi mata daɗi ba. Ba za a yi salla ba, an tambayi Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe, amma ya yi wa mai ita addu'a. Za a sa ta a kwalin da ke ƙarƙashin teburin Ayinde, inda 'yan uwanta suke kwance. Fuskarta da sauran gaɓoɓin da ba su ƙone ba an bayar da su ga masu buƙata, don haka wanda ya ga wata kwamfuta a Funtua tana kallonsa kamar ta san shi, ya gaishe ta. Faifan kuwa an naɗe shi a tsumma an sa a kwallar Inna, ƙarƙashin kayan sallah, sai ranar da Allah ya yi.

Babu zaman makoki a gida. Mai makokin ba ya nan da rana.

Za a karɓi gaisuwa a bakin injin casar Alhaji Maharazu, daga safe har a tashi. Mai zuwa ya ɗaura ƙyalle a hanci, ya kuma ɗaga murya, injin ba ya sassautawa. Zai ga Awaisu ta wajen da ake zuba masara, cikin takalman da suka yi masa yawa. Ba sai an tsaya dogon jawabi ba, ɗaga hannu ya isa, don in ya juyo injin zai ci iska.

Wanda ke son sanin gonar da za a same shi, ya yi haƙuri. Jiya suna gabas da rafi. Yau yamma. Inda za su kasance gobe babu wanda ya sani, har Alhaji.

Wadda ta sani ita ce ta rasu.